Turakun da Na Bari a Filin Jirgi

Har yau in na bi ta kasuwar garinmu, akwai tsofaffin da ke ɗaga mini hannu su ce, “Sannu, mai saukar da jirgi.” Jikokinsu sun ɗauka wani babban abu ne. Ni kuwa duk lokacin da na ji sunan nan raina ɓaci yake yi, da kaina da kuma su masu kiran. Sun san abin da na yi. Suna zaune ranar da na yi wa wani dattijo ƙarya a ƙofar mai gari aka hana shanunsa rijiya, kuma babu wanda ya buɗe baki. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna. Karatuna kaɗan ne, amma ya isa wannan.

Shekara huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, a Magariya, mahaifina ya cire ni don noma. Abin da na fito da shi ɗan Faransanci ne na gaisuwa da na karɓar umarni. Bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, wasu Nasaru suka zo da aikin haƙa rijiyoyi tsakanin Magariya da Dungas. Suka kafa sansani kusa da garinmu, suka haƙa mana rijiyar siminti mai ruwa rani da damina. Hanyar mota a lokacin rairayi ce zalla, kamyo, wato babbar mota, kan wuni a kafe, don haka suka share dogon fili a gefen rijiyar domin ƙaramin jirgi ya riƙa sauka. Filin ya miƙe daga yamma zuwa gabas, an jera masa tsofaffin tayoyi an shafa musu farar ƙasa. Ƙarshensa na gabas ya ci kusan rabin gonar da mahaifina ya rasu ya bar mini. Aka ce in yi haƙuri, aikin na kowa ne. Don a rarrashe ni aka ba ni gadin filin, da rigar kaki, aka riƙa ce mini gardi.

Jirgin na injiniyan aikin ne, nasa na kansa, mai kujera huɗu, kuma shi ne matuƙinsa. Mutum ne siriri, marar yawan magana, Hausarsa ta sa mata dariya a bakin rijiya. Mushe nake ce masa, wato maigida da Faransanci. Shi ya koya mini aikin. Ran da zai zo, akan aiko mini daga sansani tun jajibiri. Da safe in bi filin da ƙafa daga wannan kai zuwa wancan, in cike ramin gafiya, in kori awaki da jakuna. In na ji ƙugin jirgi sai in hura wuta in zuba mata ɗanyen ganye, hayaƙin ya nuna masa inda iska ta nufa, domin jirgi iska yake fuskanta in zai sauka. Sai ƙyalle. Ƙyallaye biyu ne farare dogaye. In fili lafiya lau, in shimfiɗa su a jere, ɗaya a bayan ɗaya. In da matsala, in gitta ɗaya a kan ɗaya, ya gani daga sama ya juya ya koma Damagaram. Ba ni da radiyo. Tsakanina da shi ƙyallen nan ne kawai.

A shekarata ta farko wani ƙarfen famfo ya karye, sai a Kano ake samun irinsa. Ya ce in raka shi in yi masa magana da ƴan kasuwa. Ranar ce kaɗai na taɓa shiga jirgi. Na riƙe kujera da hannu biyu tun daga tashi, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Da muka kusa Kano ya ɗora mini abin saurare a kunne. Na ji muryar wani namiji a natse, yana magana da Ingilishi kamar mai karanta wa tsohuwa wasiƙa. Matuƙin ya amsa masa, ya kwantar da jirgin gefe guda.

Na ce, “Mushe, me ya ce?”

“Ya ce mu karkata dama, kada mu ƙara hawa.”

“Don me?”

Ya nuna sama da yatsa. Sai ga wani ƙaton jirgi, irin na jigilar alhazai, ya wuce ta kanmu, cikinsa fari, ya fi zauren mai gari tsawo sau nawa. Ban ji zuwansa ba, ban gan shi ba sai da ya rufe mana rana. Muryar ta sake magana, muka sauko kaɗan, ta sake magana, muka yi kewaye muna jiran wani ya rigaye mu, sannan ta ba mu hanya.

Da muka sauka ya zaunar da ni a inuwar fiffike ya yi mini bayani. Ya ce a manyan biranen ƙasarsu jirage sun yi yawa a sama kamar tsuntsayen jan baki a kan gero. Akwai mutum zaune a ɗaki, gabansa wani gilashi da ake kira radar, kowane jirgi ɗigo ne a kansa. Mai ƙaramin jirgi irinsa in ya doso sai ya kira, ya faɗi ko shi wane ne, inda yake, da tsayin da yake tafiya. Mutumin ya nemo ɗigonsa, ya riƙa ratsawa da shi tsakanin manya, yi dama, sauko, dakata, har ya kai shi bakin fili ya miƙa shi ga na kan hasumiya. Na Kano ban shiga ɗakinsa ba, ba zan ce yana da gilashin ko ba shi da shi ba. Abin da na sani, ya ga abin da mu ba mu gani ba.

Na ce, “Ka san mutumin?”

“Ban taɓa ganin fuskarsa ba.”

“To in ya yi maka ƙarya fa?”

Ya yi dariya. “Ba ya yi. In bai gani ba sai ya ce bai gani ba. Aikin ke nan duka.” Ya dafa kafaɗata. “A nan shi ne. A garinku kai ne radar.”

Na dawo gida da wannan magana, na ba da ita a dandali, na ba da ita a masallaci, na ba da ita har mutane suka gaji. Daga nan sunan ya samo asali. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya ce ban san nauyin abin da aka ɗora mini ba. Na sani sarai. An ɗauke ni har sama an nuna mini.

Yanzu sai maganar Baffa. Haka nake kiransa, ko da yake shi Bafillace ne ni Bahaushe, Kaɗo a bakinsu. Abokin mahaifina ne. Rugarsa tana arewa da gari tun kafin a haife ni, yana da gonarsa ta gero kamar kowa, matarsa na kawo nono gidanmu. Al’adarmu ita ce in an kwashe amfani, mai gona ya gayyaci mai shanu ya sauka a gonarsa. Shanu su ci ragowar kara, su kwana a wurin su bar taki, mai gona ya riƙa kai dammunan gero, mai shanu ya riƙa aiko da nono. Haka suka yi da mahaifina shekara da shekaru, ba su taɓa kai juna gaban kowa ba. Fari ya cinye garkensa, ya bar masa shanu tara da ƴan maruƙa. Rijiyar simintin nan ita ta riƙe masa su, domin tsofaffin rijiyoyi sun ƙafe.

Ni kuwa idona yana kan rabin gonar da fili ya ci. Na lura jirgi kullum daga yamma yake saukowa, saboda da rani iskarmu daga gabas take busowa, kuma kafin ya kai tsakiyar fili ya riga ya tsaya. Ƙarshen gabas tayarsa ba ta taɓa taka shi ba. Da damina kuma aikin tsayawa yake, Nasaru su tafi hutu. Sai na shuka wake a wurin a ɓoye, na kwashe kafin su dawo. Waken bai yi ba, don an kankare ƙasar sama lokacin share fili. Taki take so. Da kaka ta zo na tafi ruga.

Na ce, “Baffa, bana a ƙarshen fili za ka sauka.”

Ya dube ni daga kan buzunsa. “Filin Nasara? Kai Kaɗo, shanuna ka ga sun yi fuka-fuki?”

“Gonar ubana ce, ka fi ni sani.”

“Na sani. Amma ubanka bai shafa mata farar ƙasa ba.”

“Ni ne gardi, Baffa. Ni nake cewa a sauka, ni nake cewa kada a sauka. Ba su dawo ba tukuna, in za su zo kuma ana gaya mini. Sai ka ɗaga shanu, in sun tafi ka dawo.”

Ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, “To, ɗana. Kai ka hau sama, ni ban hau ba.”

Ya sauka. Ya buga turaku shida na icen ƙirya, kowane kaurinsa ya kai damtse, biyu na dangwali, wato igiyar da ake jera maruƙa a kanta, huɗu na shanun tatsa. Kwana ashirin suka yi a wurin. Kowa a gari ya gani. Mata masu zuwa rijiya ta nan suke wucewa. Mai gari da kansa ya tsaya a kan jakinsa ya gaisa da Baffa, ya ce mini, “Gardi, bana wake zai yi maka.” Ina so a riƙe wannan.

Saƙo ya zo daga sansani cewa gobe jirgi zai sauka, zuwan farko na shekara, kuma da shef, wato shugaban aikin, a ciki. Da la’asar Baffa ya kaɗa shanunsa gefe, ya dawo ya kama turke na farko yana jijjiga shi.

Na ce, “Bar su, Baffa. Ƙasa ta bushe ta riƙe su. In ka cire, mayarwa aiki ne, jibi kuma za ka dawo.”

“Turke a hanyar jirgi?”

“Jirgi ba ya zuwa nan. Shekara biyu ina kallo.”

“Ni dai da na cire.”

“Na ce ka bar su.”

Ya saki, ya kakkaɓe hannu ya tafi. Ni na ɗauki fartanya na baje kashin shanu don kada a hango shi daga sama, na tara rairayi a kan kowane turke har kansa ya ɓace. Ba mantawa na yi da su ba. Ɓoye su na yi.

Da hantsi na shimfiɗa ƙyallaye a jere. Na ji ƙugi daga arewa, na hura wuta na zuba ganye. Hayaƙi ya tashi, maimakon ya kwanta yamma yadda ya saba, sai ya kwanta gabas. Ragowar iskar damina ce ta juyo ranar. Ni na koyi aikin nan, na san ma’anar abin da nake gani: zai zagaya ya shigo ta gabas, tayarsa ta fara taɓa ƙasa daidai inda turakun suke.

Ya yi kewayen farko yana duba hayaƙi. Ya yi na biyu yana duba ƙyalle. Tsakanina da ƙyallen taku uku ne. In ja ɗaya in ɗora a kan ɗaya, shi ke nan, ya koma Damagaram kowa ya kwana lafiya. Amma na tuna shef na ciki. In sun juya, gobe za a aiko mota a tambaye ni dalili, a ga taki, a ga turaku, a karɓe kaki, a karɓe gonar karo na biyu. Na ce wa kaina fili na da faɗi, turaku shida ne kacal, wataƙila ya tsallake su. Har hannu na ɗaga masa.

Tayar hagu ta samu turken dangwali. Na ji ƙara kamar an sare bishiya. Jirgin ya juya gefe, ya kifa hanci a rairayi, farfelarsa ta lanƙwashe, wutsiya ta ɗaga sama ta dawo. Allah ya tsare wuta ba ta tashi ba. Shef ya fito yana riƙe da kafaɗa yana zagi da Faransanci. Matuƙin ya fito goshinsa na zubar da jini har cikin ido. Bai kula da jinin ba, ya taka zuwa inda tayar ta bugu, ya tone rairayi da takalmi, ga turke. Ya tone gaba, ga wani.

Ya ce mini, “Ka bi filin da ƙafa yau?”

“Na bi, mushe.”

“Ba ka gan su ba?”

“An rufe su da ƙasa.”

Wannan gaskiya ce, kuma da ita na fara ƙaryar.

Washegari aka taru a ƙofar mai gari. Shef na kan kujera hannunsa a rataye, matuƙi na tsaye da farin bandeji a kai, dattawan gari a kan tabarmi. Aka jera turaku shida a tsakiya. Aka aika aka kira Baffa, ya zo da sandarsa ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Mai gari ya ce, “Turakun nan naka ne?”

“Nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na sassaƙa su.”

“Wa ya ba ka izinin sauka a filin jirgi?”

Baffa ya juyo ya dube ni, ba da fushi ba, kamar yadda ake duban wanda ake jira ya karɓi magana. Da ban karɓa ba ya ce, “Ga shi nan. Ɗan abokina. Shi ya zo har ruga ya kira ni. Shekaranjiya na kama turke zan cire, ya ce in bari.”

Ni ne ke fassara wa shef. A gaban kowa na mayar da maganar Faransanci, na rage mata rabi. Shef ya tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce da Faransanci, na sake cewa da Hausa don kowa ya ji: “Ban taɓa ba shi izini ba. Na kore shi sau biyu. Ashe in na juya baya dawowa yake yi.”

Baffa ya ce, “Ɗana, dammunan geron da ka kawo mini fa? Uku suna nan ban sussuka ba.”

Wani dattijo daga kan tabarma ya ce, “Kai Bafillace, gero ai ba ya da suna a jiki.” Aka yi dariya. Wannan dattijon matarsa ta wuce ta gaban shanun nan sau ashirin da tulu a kai. Mai gari da ya yi mini albishir ɗin wake ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Maƙeri na nan, liman na nan, maƙwabcina da ya ara mini jaki na kai geron na nan. Kowannensu ya auna a ransa: gardi ɗan gari ne, in ya faɗi Nasaru za su yi fushi da gari duka, wataƙila su kwashe aikinsu. Shi kuwa wancan mutumin ruga ne, shekara arba’in yana maƙwabtaka da mu amma har ranar baƙo ne. Ni na yi ƙaryar, ban raba wa kowa ita ba. Amma ƙarya irin wannan mutum ɗaya ba ya iya ɗaukarta ya kai ta inda ta kai. Sun kama mini.

Matuƙin bai gane rabin abin da ake faɗa ba. Ya ce wa shef, ina ji, “Mutumina ba ya ƙarya.” Ina tsaye a nan cikin kaki na bar maganar ta wuce.

Shef ya ce ba ya son a ɗaure kowa, abin da yake so kada ya ƙara ganin saniyar mutumin nan kusa da fili. Rijiya kuwa a gefen fili take. Mai gari ya yanke: daga ranar shanun Baffa ba za su sha a rijiyar siminti ba. Baffa ya tambaya ko zai iya ɗaukar turakunsa. Aka ce ya ɗauka. Ya ɗaure su da igiya ya saɓa a kafaɗa, ya wuce ta gabana bai dube ni ba.

Da na shiga gida matata ta ajiye mini fura. Ta ce, “Maigida, nonon ciki nasu ne, jiya da safe aka kawo.” Na daka mata tsawa. Na sha furar.

Rani ya shigo. Rijiya mafi kusa da za ta karɓe shi tafiyar rabin wuni ce, ga zurfi, ga layin masu garke da suka riga shi. Ina zaune a rumfata ta gadi nakan hango shi yana kewaye gari ta nesa da shanunsa, tara, sannan takwas, sannan bakwai. Shanun da suka sha fari ba su da ƙarfin tafiya irin wannan. Rijiyarmu kuwa ruwa har zuba yake yi a ƙasa, jakunan gari na birgima a cikin taɓo. Babu ranar da ban ce gobe zan je in faɗi gaskiya ba. Da bazara ta yi tsanani aka wayi gari rugar babu kowa. Ya bar gonarsa, ya bar bukkokinsa, ya bar kabarin ƴarsa da ke bayan ruga. Wasu suka ce Bande ya nufa, wasu suka ce ya tsallaka iyaka.

Damina ta zo. Na sake shuka wake a ƙarshen fili, a kan takin shanunsa. Har wannan na yi. Waken ya yi yadda ban taɓa gani ba, ya rufe ƙasa ya haye kan tayoyi. Ina tsaye a cikinsa ranar roro na ji ba zan iya ba kuma.

An gyara jirgi, da kaka matuƙin ya dawo. Na bar shi ya sauka, ya kashe inji, sannan na gaya masa komai: ruga, turaku, rairayi, hayaƙi, da taku ukun da ban yi ba. Ya saurara har ƙarshe. Na so ya mare ni. Bai yi ba, ya tambaye ni abu ɗaya, ko na ga hayaƙin ya juya kafin kewaye na biyu. Na ce tun na farko. Ya kaɗa kai ya shiga mota.

Shi ya kai maganar wurin shef, muka koma ƙofar mai gari. Na maimaita a gaban dattawan nan. Mai gari ya ce, “Haba gardi, ai mun sani. Abin da ya wuce ya wuce, me ya kawo tone-tone?”

Na ce, “Kun sani, ranka ya daɗe?”

“To wa bai sani ba?”

Dattijon nan mai maganar gero ya ce, “Yaron kirki, ka ga tsoron Allah.” Yabona suka shiga yi. Wallahi ranar da na yi ƙarya ban ji ƙyamar wurin nan kamar ranar da na faɗi gaskiya ba. Aka ɗage hukunci nan take, cikin sauƙi, kamar ana ɗage tabarma. Ashe abin da ya rage kawai wani ya buɗe baki, kuma shekara guda babu wanda ya buɗe.

Ba a kore ni ba, don babu wani mai jin Faransanci a gari. Na ci gaba da shimfiɗa ƙyalle har aikin ya ƙare. Amma daga ranar, ko na jera su, matuƙin sai ya sauko ƙasa-ƙasa ya bi filin daga kai zuwa kai yana leƙe ta taga, sannan ya hau ya zagayo ya sauka. Bai taɓa ce mini komai a kai ba. Yana gaishe ni, yana tambayar iyali. Sunan da ya ba ni a Kano bai ƙara fitowa daga bakinsa ba.

Na shiga neman Baffa don in gaya masa an buɗe masa rijiya. Na je kasuwar Bande, na je ta Sassumbrum da ƙafa, ina tambayar masu nono. Sai a rani na biyu na same shi a kasuwar dabbobi ta Dungas. Yana tsugune a bayan wasu bijimai masu ƙiba, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi matata, ya tambayi yara da ɗaya-ɗaya.

Na ce, “Baffa, na faɗi gaskiya. A gaban mai gari, a gaban Nasara. An ce ka dawo, rijiya taka ce.”

Ya ce, “Madalla.”

“Gonarka na nan, ba wanda ya taɓa. Zan taya ka gyara bukkoki.”

Ya nuna bijiman da sanda. “Waɗannan na wani alhaji ne, kiwo nake yi masa. Nawa ta ƙarshe ta faɗi bara, a hanyar ruwa. In na koma, ɗana, me zan kai rijiyar?”

Na ce ya yafe mini. Ya ce shi ya daɗe da barin maganar ga Allah, in nema a can. Ban sani ba ko yafewa ce wannan, kuma ban isa in sake tambaya ba. Wani mai saye ya zo yana taɓa ƙugun bijimi, Baffa ya miƙe don ya riƙe masa igiya. Kafin ya juya ya ce, “Kaɗo, gonar fa? Ta yi wake?”

Na ce, “Ta yi, Baffa.”

“Ai na sani za ta yi. Kwana ashirin muka yi mata.”

Ya ja bijimin ya bi mai saye cikin kasuwa. Ban ƙara ganinsa ba. Filin jirgi yanzu duk ya koma gonaki, rabin da aka ci mini ya dawo hannuna, ƴaƴana ne ke noma shi. Rijiyar tana nan tana ba da ruwa. Masu ce mini mai saukar da jirgi, in wani ya karanta muku wannan, ku daina.